Rancen Gida: Ina Gizo Ke Saƙar?



Tun 1992 doka ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a Najeriya. Ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, bisa alkawarin rancen gida da ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. A takarda, abin gwanin sha'awa.

Amma je ka nema, ka sha kallo. Banki ba ya sakin kuɗi sai ya ga takardar mallaka, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta hana jinginar da fili sai da amincewar gwamna. A nan fayil ke kwana: yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce kawo shaidar biyan haraji. Kafin a kammala, mai gidan da za ka saya ya gaji ya sayar wa mai kuɗi a hannu, kai kuma kuɗin haya ya sake zagayowa.

Kaduna da Kano sun mayar da rajistar filaye kan kwamfuta, madalla. Saura a yanke wa'adin sa hannu, a kuma hukunta duk jami'in da ya danne fayil.