Rumbun Ikkilisiya: A Cika Shi Tun Kafin Ranar Wahala

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiyoyi a Kurmin Mashi, Kaduna



Dukanmu mun tuna shekarar 2020. A ƙarshen watan Maris gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar zaman gida saboda cutar korona. Aka rufe kasuwanni, masallatai da majami'u, har Ista ta same mu a gida. Bakanike, mai Keke Napep da mai tuyar ƙosai, waɗanda sai sun fita suke ci, suka zauna hannu wofi. Ba sujada, ba baiko, ikkilisiya kuma ba ta da abin bayarwa. A watan Oktoba jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafi a Kaduna, Jos da wasu garuruwa. Abinci yana nan, amma bai kai ga mai yunwa a kan kari ba.

Darasin shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar shekara bakwai kafin yunwa ta zo (Farawa 41). Ikkilisiyar Antakiya ma, da jin annabcin Agabas, ta tara gudummawa ta aika Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11). Annoba kuwa ba ta ƙare da korona ba. Mun ga kwalara a 2021, mun ga mashaƙo a 2023.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na fari, kowane gida ya kawo mudu ɗaya na masara, shinkafa, wake ko garin rogo a Lahadin farko ta kowane wata. Gida 50 za su tara mudu 600 a shekara. A ƙara da hatsin godiyar kaka. A zuba wake a jarka mai murfi saboda ƙwari, a kuma riƙa raba tsohon hatsi kafin sabo.

Na biyu, a zaɓi amintattu su riƙe makulli da littafin lissafi, kamar yadda aka zaɓi mutum bakwai domin rabon abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6). Zumuntar Mata ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A kai musu a asirce, ba tare da ɗaukar hoto ba.

Na uku, kada rumbun ya tsaya a kan membobi kaɗai. Mun san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi wa garin nan, yadda kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabta. Mu da muka zauna a wannan gefe muna da shaidar bayarwa. Maƙwabcinka Musulmi da yake aiko maka naman Sallah, in yunwa ta shiga gidansa, haƙƙinsa yana wuyanka (Galatiyawa 6:10).

Dattawa, ku sa wannan magana a taronku na gaba, ku tsai da ranar farawa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa. Amin.