Diyya, Baitulmali da Bahasi: Waiwaye a kan Bakalori



Na san akwai waɗanda suka shigo zauren nan suna tambayar kansu, me ya haɗa malamin Hausa da zancen 'yan sanda da kasafin kuɗi? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, sana'ata bin diddigin kalmomi, kuma akwai kalmomi uku da na daɗe ina bi har suka kai ni inda ban yi niyyar zuwa ba, watau diyya, da baitulmali, da bahasi. Dukkansu daga Larabci muka aro su, amma sun zauna a bakin Bahaushe har sun zama 'yan gida. Diyya ita ce abin da ake biya domin jini ko rauni ko hasarar da aka jawo wa wani. Baitulmali shi ne taskar jama'a. Bahasi kuwa, a Larabci bincike yake nufi, amma da ya iso ƙasar Hausa sai ya sami wani nauyi dabam. Idan aka ce wane ya ba da bahasi, ana nufin an tsayar da shi gaban wanda ya isa, ya bayyana abin da ya yi da dalilin da ya sa ya yi. Abin lura shi ne, a maganarmu ta yau da kullum talaka ne yake ba da bahasi ga hukuma. Da wuya ka ji an juya jimlar, an ce hukuma ta ba talaka bahasi.

Alhali kuwa magabatanmu sun san wannan juyin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan zamaninsa a kan ƙwace dukiyar mutane, da ɗora haraji wanda shari'a ba ta sani ba, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai kuka. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, ya yi bayanin abin da ya wajaba a kan mai mulki, har da sauraron ƙarar talakawa a kan ma'aikatansa. A fiƙihu an ƙayyade diyyar rai, raƙuma 100 ko dinari 1,000, kuma malamai da dama sun tafi a kan cewa idan babu wanda za a ɗora wa biya, to baitulmali ne zai biya, domin kada jinin mutum ya tafi a banza. Kun ga ashe tun can diyya da baitulmali a ɗaure suke da igiya ɗaya.

To, bari mu gwada wannan ma'auni a kan wani abu da ya faru a ƙasarmu, wanda yawancin ɗaliban da ke nan ba su taɓa ji ba. Ni kaina, kunya ta ishe ni in faɗa, sai da na je karatu ƙasar waje na tarar da labarin a ɗakin karatu, cikin rubuce-rubucen Turawa irin su Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, da William Adams, masanin labarin ƙasa daga Ingila. Abin gidanmu, a bakin baƙo na fara jin sa.

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi ambaliya, Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangilar datse Kogin Sakkwato a Bakalori, kusa da Talatar Mafara. A wancan zamani wurin yana cikin Jihar Sakkwato, amma tun 1996 ya faɗa cikin Jihar Zamfara. An gama ginin madatsar a 1978. An shirya ta riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cikin kwano, ta shayar da gonaki wajen hekta 23,000. A takarda babu abin ƙi: alkama da shinkafa rani da damina, manomi ya huta da kallon sama.

Amma ƙasar da aka zana a taswira tana da mutane a kanta. Waɗanda ke bayan madatsar, wajen Maradun, ruwa ya cinye gidajensu da gonakinsu da makabartun iyayensu, aka kwashe su aka kai su sabon matsuguni a kan tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar wadda suka baro ba. An tayar da dubban mutane. Waɗanda ke tsakiyar filin aikin kuwa, an ce su ɗaga wa injuna a daidaita ƙasa, a haƙa magudanai, a mayar musu daga baya. Aka sassare itatuwansu, aka share iyakokin gona, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba shuka ba girbi. Sa'an nan ga mutanen gangare, waɗanda kakanninsu suka rayu a kan ambaliyar da kogi ke yi wa fadama kowace shekara. Da aka datse ruwan sai ambaliya ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Su waɗannan ma ba a sa su cikin lissafi ba tun farko, domin injiniya bai taka gonarsu ba, ruwa kawai ya hana ta.

A nan ne kalmar diyya ta shiga tsaka mai wuya. Bahaushe idan ya ce gonata, yana nufin ƙasar da ya gada, da abin da ke kanta, da abin da za ta ba jikokinsa. Doka kuwa ba haka ta gani ba. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta biyo bayanta, sun sa ƙasa a hannun hukuma, manomi yana da haƙƙin amfani ne kawai. Idan aka karɓe ta domin aikin jama'a, abin da za a biya shi shi ne na amfanin gona da itatuwa da gini. Watau ma'aikaci yana ƙirga mangwaro da ɗorawa, manomi yana kukan gado. Kowa yana cewa diyya, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Daɗin daɗawa, ɗan abin da doka ta yarda da shi ma ya yi ta jinkiri, ana ta gardama a kan wanda aka rubuta sunansa da wanda aka tsallake.

Manoma suka kai kuka, suka jira, suka sāke kaiwa. Da suka ga shiru sai suka shiga tare hanyoyin da motocin aikin ke bi. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ba da adadin matattu da bai kai 30 ba. Masu bincike da 'yan siyasar adawa suka ce sun haura 380. Jama'a, ku dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu. Kuskuren ƙidaya ba ya kai haka. Hukumar da ta iya auna ruwan tafki har mita miliyan 450, ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ai ba za ta kāsa ƙirga gawawwaki ba idan ta so. Fiye da shekara 40 ke nan, lambobin biyu suna nan kowace a inda aka bar ta. Kuma muddin ba a ƙirga mamaci ba, babu sunansa a takarda, to magadansa ba su da ƙofar da za su tsaya su nemi diyya.

Ina kuma dukiyar da aka zuba? Babban ɓangaren filin an shirya shi ne da injunan feshin ruwa, masu bukatar wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasar waje. Ba a daɗe ba suka tsaya. A 2014 sai da Nijeriya ta ci bashin Bankin Duniya na kusan dala miliyan 495 domin gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa, Bakalori na cikinsu. Watau jikan manomin da aka harbe yana cikin masu biyan bashin gyaran aikin da aka harbe kakansa dominsa.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne, yanzu akwai dokoki. Gaskiya ne akwai su, kuma ba zan rena su ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 33, ya tabbatar da haƙƙin rayuwa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. An yi Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka a 2015, wadda ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, da Dokar Hana Azabtarwa a 2017, da sabuwar Dokar 'Yan Sanda a 2020. Sai dai mu ga yadda abin yake idan ya sauka ƙasa. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe samari biyar 'yan kasuwar Apo a Abuja, tare da wata budurwa, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ya ƙaryata wannan zance, gwamnati ta biya kowane iyali Naira miliyan 3. Shari'ar kuwa ba ta ƙare ba sai 2017, aka yanke wa biyu hukuncin kisa, aka sallami uku. Shekara 12, a babban birnin ƙasa, a gaban 'yan jarida, da ƙungiyar 'yan kasuwa tsaye a bayan iyalan. To, ina ga mutumin Birnin Tudu?

Akwai wani ƙulli da nake so ma'aikatan da ke nan su lura da shi, domin a teburinsu yake. A ce talaka ya jure, ya kai ƙara, ya yi nasara, alƙali ya ce a biya shi. Sashe na 84 na dokar da ta tsara zartar da hukuncin kotu ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun ma'aikacin gwamnati ba sai da yardar Babban Lauyan Gwamnati. Kotuna sun yi ta ja-in-ja a kan iyakar wannan sashe, amma ma'anarsa ga mai ƙara a fili take: wanda ka kayar a kotu, shi za ka roƙa ya ba ka izinin karɓar haƙƙinka daga aljihunsa. Ga kuma tsohuwar dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ba mai ƙara wata uku kacal ya shigar da ƙararsa. Matar da aka kashe wa miji tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita, wa'adin doka ya riga ya cika.

Bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020, an umarci jihohi su kafa kwamitocin sauraron waɗanda 'yan sanda suka zalunta. Na Legas ya raba kimanin Naira miliyan 410 ga mutane wajen 70. Jihohi da dama na Arewa ba su ma kafa ba, kamar dai a ce mu nan ba mu da kuka. Kuma ko inda aka biya, daga baitulmali aka ɗebo, watau daga harajin waɗanda aka zalunta da maƙwabtansu. Ban ƙi baitulmali ya biya ba, na riga na ce fiƙihu ma ya yarda da haka. Amma idan biyan bai taɓa kasafin rundunar da ta yi laifi ba, bai taɓa muƙamin wanda ya ba da umarni ba, to babu abin da zai sa gobe ta bambanta da jiya.

Kada kuma a ce na zo cin mutuncin ɗan sanda. Kurtun da aka tura Bakalori ɗan talaka ne, wataƙila shi ma ɗan manomi. Duk wanda ya taɓa kai ƙara caji ofis ya san za a ce ya kawo kuɗin mai, wani lokaci har da na takarda, ga kuma rubutu a bango cewa beli kyauta ne. Ku leƙa barikin da suke kwana, ku tambayi matan waɗanda suka mutu a bakin aiki wata nawa suke jira. Ba rashin kuɗi ne ya kawo haka ba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa abin da ake warewa da sunan kuɗin tsaro, wanda gwamnoni da wasu manya ke kashewa ba tare da kawo rasit ba, ya kai dala miliyan 670 a shekara. Zamanin En'e, da duk laifuffukanta, ana buga kasafin baitulmali, a rubuta albashin sarki da na ɗan doka layi-layi. Yau sunan tsaro kawai za a ambata, sai mai binciken kuɗi ya rufe littafinsa.

Ga ɗalibanmu ina da roƙo ɗaya, kuma aikin sashenmu ne. Waɗanda suka ga abin da ya faru a 1980 da idonsu, ƙaraminsu yanzu ya manyanta. Kowace shekara muna tura ku ƙauyuka ku tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da kirarin farauta. Wanda ya fito daga Mafara ko Maradun ko Bakura, ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya zauna da tsofaffi, da izininsu, ya rubuta sunan wanda ya mutu, da sunan ubansa, da ƙauyensu, da wanda ya bari. Ga ma'aikata kuma, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku kwana bakwai ku amsa wa mai tambaya. Idan ɗalibina ya zo neman tsohon fayil na biyan diyyar Bakalori, ina roƙo kada a ce masa maigida ya fita.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu. A nan zan dakata, in saurari tambayoyi.