Daga Singafo Zuwa New York: Me Ke Tsawaita Tafiyar Jirgin Sama?



Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy na New York akwai tazarar kilomita kusan 15,350. Jirgin kamfanin Singapore Airlines na cinye wannan nisa a tashi guda, ba ya yada zango ko'ina, cikin awa 18 zuwa 19. Wanda ya taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda zai fi gane girman abin, domin tafiyar ta ninka tasa fiye da sau huɗu.

Ba kowane jirgi ke iya wannan aiki ba. Airbus A350-900ULR da aka ƙera domin irin wannan hanya na ɗaukar mai lita 165,000, kujerunsa kuwa 161 kacal, saboda a rage nauyi. Matuƙa huɗu ke karɓa-karɓa. Kamfanin Singapore Airlines ya fara zuwa Newark da ke kusa da New York kai tsaye a 2004 da jirgi mai inji huɗu, tsadar mai ta sa ya dakata a 2013, sai a 2018 ya dawo da mai inji biyu.

Sai dai nisa kaɗai ba ya faɗa wa fasinja lokacin da zai sauka, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Duniya mulmulalliya ce. Idan aka ɗaura zare a kan lemo daga wannan gefe zuwa wancan, za a ga gajeriyar hanya ta lanƙwasa, ba ta miƙe kamar yadda taswira ke nunawa ba. Gajeriyar hanyar Singafo zuwa New York ta can ƙuryar arewacin duniya take bi. Duk da haka matuƙa kan bar ta su ɗauki mai tsawo, saboda wata iska mai ƙarfi da ke kadawa daga yamma zuwa gabas a can sama. In ta tura jirgi daga baya, ya sami sauri da rarar mai. In ya tunkare ta, ya sha wuya. Shi ya sa zuwa New York daga Landan ke cin kusan awa 8, dawowa kuma kusan 7. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya dawo cikin awa 4 da minti 56.

Iska ikon Allah ce. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne tsawon da ɗan Adam ke ƙarawa da hannunsa. Da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin awa 9 zuwa 13. Maniyyatan Najeriya ma sun ɗanɗana irin haka a 2023, da yaƙin Sudan ya tilasta wa jiragensu zagaye, lokaci ya ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru.

Don haka ɗalibin da ke son lissafa lokacin tafiya ya haɗa abu uku: nisa, iska, da ƙasashen da aka yarda jirgi ya ratsa.