Jirage Masu Fukafukai Hawa Biyu da Jiragen Ruwan da Suka Goya Su



Wani daga cikinku yana iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da jiragen yaƙin teku, musamman a ƙasa irin ta Moriki da Shinkafi da Zurmi, inda babu ruwan da ya fi gulbi girma? Abin da ya haɗa su kalma ce guda, wato "jirgi". Asalinta kwalekwalen fito ne. Da Turawa suka shimfiɗa dogo, har ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai Bahaushe ya ce jirgin ƙasa. Da ya ga wani abu yana shawagi bisa kansa, sai ya ce jirgin sama. To, yau zan yi magana a kan inda jirgin sama da jirgin ruwa suka gamu, da yadda labarinsu ya biyo ta ƙasarmu.

Jiragen saman farko yawancinsu fukafukansu hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an tokare su da sanduna, an ɗaure da wayoyi. Gangar jikin katako ne, an lulluɓe shi da yadi mai ƙarfi. Dalilin wannan ƙira shi ne injunan lokacin ba su da ƙarfi, saboda haka ana bukatar fiffike mai faɗi, mara nauyi, wanda ba zai karye ba. Irin wannan jirgi ba ya bukatar dogon gudu kafin ya tashi, yana kuma iya sauka a hankali. Wannan hali ne ya sa sojojin ruwa suka yi sha'awarsa, domin bayan jirgin ruwa, komai girmansa, ɗan fili ne ƙarami.

Wani Ba'amurke, Eugene Ely, shi ya fara tashi daga kan jirgin ruwa a watan Nuwamba 1910, sa'an nan a Janairu 1911 ya sauka a kan wani, amma wanda yake tsaye cik a tashar San Francisco. An gitta igiyoyi a kan dandamalin, an ɗaura musu buhunan yashi, ƙugiyar da ke ƙarƙashin jirginsa ta kama su, ya tsaya. Sauka a kan jirgin da ke tafiya kuwa sai ran 2 ga Agusta 1917, lokacin da wani hafsan Ingila, Edwin Dunning, ya saukar da ɗan jirgin yaƙi mai suna Sopwith Pup a kan jirgin ruwan nan Furious. Dabarar ita ce jirgin ruwa ya fuskanci iska da gudu, don na sama ya zo a hankali, har mutane suka iya kama shi da hannu. Bayan kwana biyar ya sake gwadawa, jirginsa ya faɗa teku, ya nutse ya mutu.

Mutuwarsa ta koya wa maƙera cewa lalle a share bayan jirgin ruwa daga gaba har baya. Haka aka yi wa Argus, wanda aka gama a 1918. A watan Yuli na shekarar nan kuma jirage bakwai ƙirar Sopwith Camel suka tashi daga Furious, suka kai hari Tondern, suka ƙone manyan balan-balan biyu na yaƙin Jamus. Amurka da Japan suka bi sahu a 1922 da Langley da Hosho. Daga nan har wajen ƙarshen shekarun 1930, masu hawa biyu ne ke tsaron rundunonin teku, kafin injuna su yi ƙarfi, masu fiffike hawa ɗaya su ture su saboda sauri.

Yanzu bari mu dawo gida. Jiragen saman da suka fara sauka Kano, ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarki Usman, 'yan wannan dangi ne. Guda uku ne ƙirar DH.9A, masu hawa biyu, na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun taso daga Masar, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, da Maiduguri. Su dai na tudu ne, ba su taɓa hawa jirgin ruwa ba, amma sun nuna cewa akwai hanyar sama tsakanin Kogin Nilu da ƙasar Hausa.

Amfanin wannan hanya ya bayyana a 1940. A watan Yuni Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama wurin haɗari, alhali Ingila tana bukatar jirage a Masar. Sai aka riƙa kawo su ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Khartum, har Alƙahira. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta, wannan ya buɗe tsakiyar hanyar. Cikin jiragen ruwan da suka yi jigilar jiragen Hurricane zuwa Takoradi a wannan shekara akwai tsofaffin nan biyu, Argus da Furious. Ashe jirgin da Dunning ya mutu a gefensa, shi ne bayan shekara 23 ya ɗauko jiragen da suka sha mai a Kano. Dubban jirage sun bi wannan hanya kafin yaƙin ya ƙare, kuma lebura da magina na ƙasarmu ne suka share filayen, suka yi dakon man.

Ina ganin akwai darussa biyu a nan. Na farko, tarihin duniya bai tsallake mu ba. Yaƙin da aka yi a hamadar Libiya yana da jijiya a Kano da Maiduguri, amma littattafan da suka ba da labarin sun cika da sunayen matuƙa, ba su damu da waɗanda suka sare kututture ba. Waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa, saura abin da suka faɗa wa 'ya'yansu. Wajibi ne ɗalibanmu su tattara shi tun bai salwanta ba.

Na biyu ya shafi harshe. Kakanninmu ba su jira wata hukuma ba kafin su faɗaɗa ma'anar "jirgi" ta ɗauki dogo da sama. Mu da muka yi karatu, me za mu kira jirgin ruwan da ke ɗauke da jiragen sama? Ni ina ganin "jirgi mai goyo" ya dace, domin yana ɗaukar 'ya'yansa a baya, ya sake su, su dawo gare shi. In wani yana da wadda ta fi, ya kawo, mu auna. Abin da bai kamata ba shi ne ma'aikacin gidan rediyo ko malamin makaranta ya koma Turanci duk lokacin da zance ya kai ga injin.