Kafin ku sa naman kaza a miya, ku duba gindinsa



Da zarar damina ta zauna, naman kaza, wanda wasunmu ke kira laimar kwaɗi, yakan fito a gindin itatuwa da jikin suri, daga nan ya iso kasuwa cikin faifai. Magana ɗaya muka zo da ita yau, a kan gindinsa.

Wasu irinsa suna tsirowa ne a lulluɓe cikin wata farar fata mai kama da ƙwai. Idan tsiron ya girma sai ya fasa ta, ragowar ta zauna a ƙasan sandar kamar ɗan ƙoƙo. Wannan ƙoƙon alama ce ta dangin da masana ke kira Amanita, kuma a cikinsu ake samun wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya. Rabin laimarsa ya isa ya halaka magidanci.

Gaskiya ne akwai masu ƙoƙo da ake ci, a Zambiya ma har sayar da wani irin ake yi. To amma idon mai saye ba ya iya rabe mai dafi da mara dafi, don haka shawararmu ita ce: mai ƙoƙo, a bar shi.

Abin takaici, ƙoƙon yakan ɓuya cikin ƙasa. Wanda ya yanke sandar da wuƙa ya bar shaidar a daji. Masu tsinkowa, ku tono shi ɗungurungum. Masu saye, kada ku karɓi wanda aka gutsure wa gindi, komai arharsa.

Dahuwa ba ta kashe wannan dafin, shanya ma haka. Ganin ƙwari na cinsa ba hujja ba ne.

Dafin ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da zawo da murɗawar ciki suke farawa. Sannan mutum ya ji sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, alhali hantarsa na lalacewa, har idanu su koma rawaya. Fatake, ku lura: mai yiwuwa ne ka ci a Najeriya, ciwon ya tashi kana Kamaru ko Benin. Kada ka ce sai ka koma gida. Nufi asibitin da ya fi kusa, ka faɗi abin da ka ci da lokacin da ka ci shi, ka kai ragowar idan akwai. Duk wanda kuka ci tare, musamman yara, a kai shi ko da bai yi amai ba.