Jawabi ga Sabbin Injiniyoyin Gine-gine a Ranar Yaye Su



A 1873 wani matashin injiniya a birnin Turin na Italiya, Alberto Kastiliyano, ya gabatar da kundin kammala karatunsa. Hujjar da ya kafa ita ce, ƙarfe ko katako idan aka ɗora masa nauyi ya lanƙwasa, yakan adana aikin da aka yi a kansa, kamar yadda baka ke riƙe ƙarfin maharbi kafin a saki kibiya. Wanda ya lissafa wannan ajiyayyen makamashi zai san iyakar lotsawar ginin a inda nauyin ya sauka, da biro da takarda kawai. Kun sha wuya a kan wannan ƙa'ida a aji, kuma roƙona gare ku shi ne kada ku bar ta a ɗakin jarrabawa.

Wani zai ce ai kwamfuta ta hutar da mu, tana yayyanka gini gutsattsari dubbai, ta fitar da matsin da ke kan kowanne cikin 'yan mintoci. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai zana babbar gada yau ba tare da ita ba. Sai dai lissafin da take yi a kan ƙa'idar makamashin nan aka gina shi, abin da aka ba ta kuma shi take tauna. A watan Agustan 1991, gindin kankaren dandalin haƙar mai na Sleipner A ya nutse a kusa da Stavanger ta ƙasar Norway ana cikin gwaji. Bincike ya nuna cewa an tsara gutsattsarin wani lungu ba daidai ba, sai kwamfuta a lissafinta ta rage ƙarfin da ke neman tsage bangon da kusan kashi 47 cikin 100.  An yi asarar kusan dala miliyan 700.

Wani kuma zai ce lissafin hannu ƙiyasi ne kawai. To, ƙiyasin ake so. Idan takardarku ta ce ginshiƙi zai lotsa milimita 20, kwamfuta ta ce 8, kada ku sa hannu a zanen sai kun gano inda saɓanin ya fito, ko da ɗan kwangila na tsaye a ƙofa yana jira.

Allah ya sanya albarka a karatunku.