In Ba Ƙira, Me Ya Ci Gawayi? Katin Banki da Lissafin Albashin Ma'aikaci



Tambayar da ke damun mai albashi ba ta sake ba tun zamanin Udoji. A 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi tare da bashin watanni, aka sayi rediyo da babur, kafin a farga aljihu ya koma yadda yake. A 2024 an mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000, amma har ila yau wata ba ya rabawa sai ka ji ma'aikaci yana cewa bai san inda kuɗinsa suka shiga ba. Bambancin kawai shi ne, yanzu kuɗi suna barin sawu.

Watau duk sa'ad da mutum ya biya kuɗi da kati, banki yana rubuta rana, da adadi, da sunan mai kanti, da wata lamba mai alƙaluma huɗu da ke nuna irin sana'arsa: 5411 ta masu kayan masarufi ce, 5541 ta gidan mai, 5912 ta kantin magani. Manhajar lissafi tana karanta waɗannan ta rarraba su gida-gida, ta ce kaza ya tafi ga abinci, kaza ga mai. A Amurka, inda ake sayen ko shayi da katin bashi, manhajar Mint ta yi wannan aiki daga 2007 har aka rufe ta a 2024.

To, mu dawo Kaduna, mu tsallaka kogi zuwa Tirkaniya, maƙwabciyar Nasarawa da Kudenda. A nan katin bashi baƙo ne. Abin da ke aljihun jama'a shi ne katin cire kuɗi, Verve ko Mastercard ko Visa, wanda ba ya ba ka sai abin da ka ajiye. Mafi yawan aikinsa kuwa a rumfar mai POS yake ƙarewa. Ma'aikaci ya ciri naira 20,000, ya ba uwargida kuɗin cefane, ya biya mai keke, ya sallami mai ruwa, ya zuba adashi, ya kai gudummawar suna. Manhaja ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da za ta rubuta layi guda ne: an ciri kuɗi. Daga nan ta makance.

Ko da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan Babban Banki ya sake fasalinsu, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa ta OPay da Moniepoint, gyaran bai cika ba. Tiransifa sunan mutum take nunawa, ba sana'arsa ba. Na'ura ba ta san ko wanda ka tura wa mahauci ne ko surukinka ba, sai kai ka gaya mata. Su kuwa waɗanda suka tsara lambobin can, ba su yi wa zumunci gida ba, alhali a wurinmu sau da yawa shi ne babban gida.

Duk da haka kada a raina ta, domin akwai inda ta fi ƙwaƙwalwa nesa. Ita ce ke tattara ƙananan abubuwan da ido ke tsallakewa: naira 50 ta harajin tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama, wadda dokar kuɗi ta 2020 ta kafa, da ladan tiransifa, da kuɗin saƙon alat, da katin waya da data da ake saya cikin dare ɗari biyar-biyar. Mutum ya rantse bai kashe kome ba, a tara masa na wata uku ya yi shiru.

Shawarata ga ɗalibi da ma'aikaci ita ce, a karɓi takardar bayanin asusu ta wata uku, a zuba ta cikin Excel ko manhajar bankin, a raba ta gidajen da suka dace da rayuwarmu, har da adashi da biki da taimakon dangi. Kowane kuɗin da aka cira a hannu kuma a bi shi da ɗan littafi a ranar, tun ba a manta ba.

Saura gargaɗi ɗaya. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ba wasu kamfanoni izinin karanta asusun mutum bisa yardarsa a watan Maris na 2023, aka kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin shekarar. Wanda ya karanta asusunka ya san asibitinka, da masallacinka ko majami'arka, da wanda kake ciyarwa a ɓoye. Manhajar da ta nemi lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka ta waya, a rufe ta nan take, domin lissafi ba ya bukatarsu.